Tukuicin ɗan aike: wanda bai yarda da Allah ba, wa yake gode wa da kaka?

Duk wanda ya san harshen Hausa ya san da wuya mutum ya gama gaisuwar safe godiya ba ta fita daga bakinsa ba. A tambayi ɗan kasuwa ina ciniki, ya ce da godiya. A tambayi ma'aikaci ina aiki, ko da wata uku ke nan bai ga albashi ba, ya ce aiki da godiya. A tambayi manomi yaya damina, ya ce Alhamdu lillahi, ruwa ya yi gyara. Idan kaka ta kama kuwa, a ƙasar Arewa, daga Matankari zuwa Dogon Dutsi, daga Tibiri zuwa Gesheme, godiya ba ta tsayawa a baki. Tana shiga rumbu, tana fita da dami a ka, tana bin gida gida. A nan ne wata tambaya take, wadda wani mai karatu zai ga kamar neman magana ce: mutumin da zuciyarsa ba ta yarda akwai Allah ba, in gonarsa ta yi kyau, yana shiga wannan hidima ta godiya? In kuwa yana shiga, wa yake gode wa?

Kafin a je ko'ina sai a bambanta aya da tsakuwa, domin a bakin mutane da yawa marar salla, da azne, da wanda ya ce babu Allah, duk kwando guda ake zuba su. Ba haka abin yake ba. Azna, waɗanda ake kira arna a wasu wurare, ba su taɓa cewa babu Allah ba. Sun san shi, suna ambaton sunansa, sai dai suna ganin ya yi nisa da ɗan Adam, don haka suke bi ta hannun iskoki da kakanni wajen neman ruwa da lafiya. Ƙasar Arewa ita ce cibiyar wannan gado: a Lugu akwai gidan Sarauniya da dutsen shari'a da ake kira Tunguma, a Bagaji akwai gidan Baura. A Lugun nan ne Sarauniya Mangu ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a shekarar 1899. Mutanen da suke yanka kafin shuka, suke ware rabon iskoki kafin su kai sabon hatsi baki, ba za a ce ba su da wanda suke gode wa ba. Sai dai a ce suna da su da yawa.

Irin wannan ruɗani ya taɓa kaiwa har cikin siyasar ƙasa. Bayan Babban Taron Ƙasa da aka yi a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, lokacin da ake rubuta sabon kundin tsarin mulki, kalmar nan ta Faransanci, layisite, ta tayar da ƙura. Masu doka suna nufin raba gwamnati da addini, jama'a da yawa kuwa suka ji ta kamar ana shirin kafa ƙasa marar Allah, har kundin da aka amince da shi a Disamba 1992 ya kauce mata ya ɗauki wata kalma. Ke nan ko sunan abin da ake magana a kai bai zauna daidai a kunnen mutane ba. Malamai suna da kalmar mulhidi, ƴan lakwal suna da ta Faransanci, talaka kuwa sai ya ce wane ya ɓace.

Hanyoyi uku a gari guda

Gesheme, wadda ta koma ƙarƙashin Tibiri tun da aka raba gundumar Dogon Dutsi a 2011, tana zaune cikin Dallol Mawri, kwarin tsohon kogi inda ruwan rijiya ba shi da nisa, ana noman hatsi da wake a tudu, rake da rogo a fadama. Garin yana da abin da ba kowane gari ke da shi ba: hanyoyin godiya uku sun daɗe suna gogayya a cikinsa. Musulmi, waɗanda su ne mafi rinjaye, suna fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma in ruwan sama ya shayar da gona, ɗaya cikin ashirin in da guga aka yi ban ruwa. Kirista, waɗanda jama'arsu ta samo asali daga aikin mishan ta SIM, suna da bikin godiya bayan girbi, inda ake kai damma da wake da kaji gaban majami'a. Azna kuma, ko da yake sun ragu ƙwarai, al'adunsu ba su gushe daga tunanin tsofaffi ba. Hanya ta huɗu, in har akwai ta, ba ta da masallaci, ba ta da majami'a, ba ta da tsafi, ba ta da rana a kalanda. Mai binta ma ba ya faɗa.

Akwai wani tsohon malamin gona, ɗan asalin wannan yanki, wanda ba za a ambaci sunansa ba, kuma mai karatu zai gane dalili. Ya yi lakwal a garinsu, ya wuce Dogon Dutsi, ya yi lise a Yamai, sa'an nan gwamnati ta tura shi Tarayyar Sobiyet karatun aikin gona, kamar yadda ta tura samari da yawa a wancan zamani. Masu zarginsa suna cewa can ne Rashawa suka juya masa kai. Shi kuwa ya ce ba haka ba ne: ya je da sallarsa, ya komo da ita, har azumi ya yi a ƙasar da rana ba ta son faɗuwa da bazara. Abin da ya taɓa shi a gida ya same shi.

A 1984 damina ta ƙi. A watan Afrilu na shekarar gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Najeriya, hanyar da abinci ke shigowa ta toshe, shi ya sa har yau tsofaffi ke kiran yunwar El Buhari. An aika shi wani yanki na arewa rabon taimako, da sikeli da littafin suna. Ya ga mata suna tona gidan tururuwa don ƴan ƙwayoyin hatsi. Ya ga ana jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita. Ya ga an fita roƙon ruwa har sau uku, yara a gaba, riguna a juye. Ya ga wasu sun koma ga tsofaffin wuraren yanka a ɓoye. Sama ba ta amsa wa kowa ba. Abin da ya tsayar da mutuwa a ƙauyukan da ya sani, in ji shi, motocin ɗaukar kaya ne da buhunan da wasu mutane a wata ƙasa suka noma, wasu suka biya, wasu suka tuƙo cikin rairayi. Bai wayi gari rana ɗaya ya ce ya bar addini ba. Imaninsa ya tafi ne kamar yadda gara ke cin azara: daga waje ɗaki yana tsaye, ciki kuwa babu komai. Gaskiya ce kuma a faɗa cewa abokan aikinsa da suka ga abin da ya gani, da yawansu shekarar ce ta ƙara kusantar da su ga Allah. Wuta guda ce, ta narkar da man shanu, ta ƙona tukunya ta yi ƙarfi.

Shekara arba'in ke nan yana riƙe da wannan a cikinsa. Ba ya zagin addinin kowa, ba ya jayayya a majalisa, ba ya neman mabiya. Ya san abin da magana ke jawowa. Ya ji labarin Mubarak Bala, shugaban wata ƙungiyar marasa addini a Najeriya, wanda aka kama a 2020, wata kotu a Kano ta yanke masa shekara 24 a 2022 saboda rubuce-rubucensa a Facebook da aka ɗauka ɓatanci ne, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta rage hukuncin zuwa shekara biyar a 2024, daga baya aka sake shi. Amma ba kurkuku ne malamin gonar ya fi tsoro ba. Yana tsoron a daina cin tuwon gidansa, a fasa neman auren ƴaƴansa mata, a bar gawarsa ba mai wanka. A ƙasar Hausa wanda dangi suka janye masa hannu ya riga ya shiga kurkukun da ba shi da ƙofa.

Zagayen godiya

To, da kaka me yake yi? Yana zuwa gida kowace shekara, kamar yadda ma'aikata da yawa ke yi. Yana tsayawa a gonar gado har a ɗaure dami na ƙarshe, a ƙirga. In an sami ɗari da ashirin, sai ya sa a ware goma sha biyu gefe guda. Mai kallo daga nesa zai ce zakka ce. Shi ba ya kiranta haka, ya ce haƙƙin mutane ne. Malamai ma za su goyi bayansa a wannan wuri ɗaya, tun da ibada sai da niyya, kuma abin da aka fitar ba don Allah ba kyauta ce kawai. Bayan nan sai ya shiga abin da iyalinsa ke kira yawon Baba, kwana biyu ko uku yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya.

Yana fara wa da maƙerin da ya gyara masa hauya. Ya je rugar Bafillacen da shanunsa suka kwana a gonar da rani suka bar taki, ya kai masa dami da goro. Ya bi samarin da suka yi masa gayya ran noman farko, kowa da sunansa, domin ya ce godiyar da aka yi wa taro ba ta shiga kunnen kowa. Ya tsaya wurin matan da za su yi sussuka da shiƙa, waɗanda ba a cika tunawa da su ba in ana lissafin wanda ya noma. Sa'an nan ya ƙare a wani gida kusa da kasuwa, wanda mai shi ya daɗe da rasuwa. Wannan ɗan kasuwa ne da a shekarar El Buhari yake bin hanyoyin daji da jakai cikin dare, yana shigo da garin rogo da masara daga ƙetaren iyaka. Riba yake nema, ba a musu. Amma ya auna wa mahaifiyar malamin gonar tiya bayan tiya bashi, wata bakwai, bai taɓa aiko yaro tambaya ba, alhali ɗanta yana can arewa yana raba wa wasu abinci, bai san halin da gidansu ke ciki ba. An biya bashin tun tuni. Duk da haka kowace kaka dami biyu na shiga gidan nan, ƴaƴan mamacin suna karɓa, wasunsu ba su ma san mafarin abin ba.

Akwai kuma waɗanda ƙafa ba ta kai wa gare su. Irin da yake shukawa mai saurin nuna ne, daga aikin masu bincike na tashar Tarna kusa da Maraɗi, waɗanda suka yi shekaru suna zaɓen zangarniya don a sami hatsin da zai isa kafin ruwa ya ɗauke. Bayansu akwai wasu da ba wanda ya san sunansu. Masu binciken ƙasa sun gano alamun hatsin gida a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali da suka kai shekara 4,500, abin da ke nuna cewa a wannan Sahel ne mutane suka mai da ciyawar daji abinci, suna ajiye zangarniya mafi kyau shekara bayan shekara, ko da yunwa na cewa a cinye. Malamin gonar yana cewa duk wanda ya sha fura yau yana cin bashin waɗannan mutane ne. In aka lura, nan ya zo kusa da azna ba tare da ya nufa ba, domin su ma kakanni suke tunawa da kaka. Bambancin shi ne su suna ganin kakannin na ji, shi kuwa ya san ba mai jinsa, amma yana yi.

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

Tambayar ba a Arewa ta fara ba. A Amurka akwai ranar godiya ta ƙasa baki ɗaya, Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba. Shugaba Abraham Lincoln ne ya yi shelarta a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, kuma Allah ya ambata a shelar. Majalisar ƙasar ta tsayar da ranar da doka a 1941. Ana danganta ta da wata liyafa ta 1621, lokacin da baƙi daga Ingila suka ci amfanin gonarsu na farko tare da ƴan ƙasa, Wampanoag, waɗanda suka koya musu noman masara. Marasa addini na can suna yin bikin kamar kowa: a taru, a gasa talotalo, kowa ya faɗi abin da ya ji daɗinsa a shekara, a gode wa mai girki da iyaye da abokai. Amma tun 1970 wasu daga jikokin ƴan ƙasar suke mai da ranar ta makoki, domin waɗanda aka taimaka wa sun saka da ƙwace ƙasa. Wannan darasi ne mai nauyi: ana iya ɗaga hannu sama da godiya alhali ana taka wanda ya ba da abincin.

Faransa ta gwada wata hanya. Bayan juyin juya hali, wata doka ta 1795 ta kafa bukukuwan ƙasa da ba na coci ba, cikinsu har da Bikin Godiya da Bikin Noma. Ba su yi ƙarko ba, kalandar da aka ɗora su a kai ma Napoleon ya soke ta daga farkon 1806. Godiyar da aka rubuta a ofis aka buga mata hatimi ba ta da saiwa. Japan kuwa ta fi dacewa, domin ba ta ƙirƙiro sabuwar rana ba. Tun da daɗewa sarkin ƙasar yana miƙa sabuwar shinkafa ga abin bautarsu, sa'an nan ya ɗanɗana. A 1948 aka mai da ranar, 23 ga Nuwamba, hutun godiya ga aiki da ma'aikata, mai addini da marar addini kowa ya sami wurin tsayawa.

Akwai kuma labarin Daniel Dennett, wani masanin falsafa Ba'amurke da ya shahara da rashin yarda da Allah, wanda ya rasu a 2024. A 2006 babbar jijiyar zuciyarsa ta tsage, aka yi masa aiki ya tsira. Abokai suka zuba ido su ga ko zai sauya. Sai ya rubuta maƙala yana gode wa likitoci, da masu jinya, da waɗanda suka ƙera na'urorin da aka duba shi da su, har da masu wankin zannuwan asibiti. Malamin gonar Gesheme bai taɓa karanta shi ba, amma zagayensu iri ɗaya ne. Amsar kashin farko na tambayar ke nan: i, suna yin biki, kuma mutane suke gode wa, rayayyu da matattu.

To, ruwan fa?

Sai dai magana ba ta ƙare a nan ba, kuma wanda ya hana ta ƙarewa yayansa ne, mutum mai karatun Alƙur'ani, wanda shi kaɗai ne a gidan ya san abin da ke ciki. Wata shekara, bayan an gama cika rumbu, ya kira ƙanen nasa gefe.

Ya ce: "Ƙanena, na ga yawonka. Ka gode ma maƙeri, ka gode ma Bafillace, ka gode ma matattu. Ban ce ka yi laifi ba. Amma ka san al'adarmu. In anka aiko maka da kyauta, kana ba ɗan aike tukuici, godiya kuwa ta mai aikowa ce. Kai ka cika hannun ƴan aike, ka mance da mai kyauta. Maƙeri ya yi hauya. To, ruwan fa?"

Malamin gonar ya ce: "Yaya, ni ƴan aike na gani da idona. Ruwa kuwa na san hanyarsa. Iska mai laima tana tasowa daga teku ta kudu maso yamma, ta gamu da busasshiyar iskar hamada, hadari ya haɗu. In ya zo ina murna, har barci ba ni yi. Amma murna daban, godiya daban. In na gode wa wani saboda ruwan bana, dole in tambaye shi ina yake a 1984."

Yayan ya ce: "Sanin hanyar da ɗan aike ya biyo ba shi nuna babu wanda ya aiko shi. Kuma wanda ba ka gode masa sai ran da ya ba ka, ba godiya kake ba, ciniki kake. Mu da munka binne yara a shekarar nan, mun ce Alhamdu lillahi a bakin kushewa. Ba don mun ji daɗi ba, sai don mun san aro anka ba mu."

Ba wanda ya kayar da wani. Mai imani yana da tambayar da take masa nauyi, wato fari da mutuwar yara, kuma amsarsa haƙuri ne da miƙa wuya. Marar imani ma yana da tasa, kuma malamin gonar ba ya ɓoye ta. Ya ce ran da ruwan farko ya sauka, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan, yara suka fita tsirara suna ihu, ƙirjinsa yana cika da wani abu da ya fi murna, ya duba gabas da yamma bai ga wanda zai miƙa wa ba. Ba maƙeri a ciki, ba likita, ba mai bincike. Ya kwatanta kansa da mai riƙe da wasiƙa a gidan waya, ya rubuta ta, ya liƙe, ya manna kan sarki, amma bayanta babu adireshi. Ba ya yaga ta, ba ya kuma rubuta sunan da bai yarda da shi ba. Haka yake komawa da ita gida kowace damina.

Mahaifiyarsu, kafin ta rasu, ta taɓa tsoma baki sau ɗaya. A gidan azna aka haife ta, ta musulunta da aure, ƙanwarta kuma ta auri Kirista, don haka hanyoyin nan uku duk ta ga cikinsu. Ta lura ɗanta ba ya gaggawar alwala in an kira salla. Ba ta yi kuka ba, ba ta tara dangi ba. Ta ce masa: "Kai ɗan nan, abin da ke cikin zuciyarka tsakaninka da Mai sama ne, ni ban iya shiga. Abu guda nike roƙonka: kada ka zama butulu." Ya ce: "To, Inna." Yana ganin yawon da yake yi kowace kaka cika wannan alkawari ne.

Wani zai ce munafunci ne mutum ya sayi ragon layya alhali bai yarda ba, domin yana saye, ɗansa ya yanka, a raba nama. Shi amsarsa ita ce gidan ba nasa ba ne shi kaɗai: matarsa da ƴaƴansa masu salla ne, ba zai hana su idinsu ba, kuma maƙwabcin da ba ya ganin nama sai shekara shekara ba ruwansa da abin da ke zuciyar mai rago. In an gaishe shi, harshen Hausa da kansa ya bar masa ƴar ƙofa. Yaya aiki? Da godiya. Yaya kaka? Sai godiya. Ba a faɗi wanda ake gode wa ba, mai tambaya ya cika da abin da ya sani, mai amsawa bai yi ƙarya ba. Ko wannan hikima ce ko ɓuya ce, mai karatu ya auna da kansa.

Abin da ya fi ban mamaki yana faruwa ne a ƙofar gidajen da ake kai damman nan goma sha biyu. Akwai wata tsohuwa da mijinta ya mutu, ƴaƴanta suka tafi cin rani ba su komo ba. In an sauke mata dami, ba ta tsayawa kan wanda ya kawo. Sai ta ɗaga hannu ta ce Allah ya ji kukanta, Allah ya aiko mata. Sa'an nan ta juyo ta sa masa albarka, ta shiga ɗaki ta fito da ƴar gujiya a ƙoƙo, wai tukuici. Mutumin da ya ce babu mai aikowa, ga shi an mai da shi ɗan aike. Yana karɓar gujiyar da hannu biyu, ya ce na gode, Iya. Bai taɓa gyara mata magana ba.

Ba a kawo labarin nan don a yaba rashin imani ba, ba kuma don a tsine wa mai shi ba. Hisabin zuciya ba aikin jarida ba ne. An kawo shi ne domin yana mai da tambaya kan masu yawa, waɗanda suke da adireshin da za su rubuta a bayan wasiƙarsu. Malaman Musulunci suna karantar da cewa wanda ya kasa gode wa mutane bai cika godiyarsa ga Allah ba, Kirista ma suna da irin wannan koyarwa. Duk da haka an san ɗan kasuwar da tasbaha ba ta barin hannunsa, amma ɗan dakon da ya sauke masa buhu hamsin sai ya yi sawu uku kafin ya ga jikkarsa. An san mai sayen hatsi da rahusa da kaka, ya ɓoye, ya sayar wa manomin da ya noma shi ninki biyu da bazara, ya ce Allah ne ya buɗa masa. An san ma'aikacin da ke barin tsoho daga ƙauye tsugune bakin ofis tun safe har azahar, ya manta da harajin irin wannan tsoho aka gina lakwal ɗin da ta mai da shi mushe. Irin waɗannan sun gode wa mai kyauta, sun kori ɗan aike da sanda, kuma a al'adar Hausa ba a taɓa jin mai kyauta ya ji daɗin haka ba.

Yaba kyauta tukuici, in ji masu iya magana. Kaka tana zuwa sau ɗaya a shekara, kuma kowane rumbu da ya cika, ko buhun da aka sauke a gidan ma'aikaci a Yamai, yana da jerin mutane a bayansa: mai hauya, mai shanu, mai sussuka, direban da ya kwana a hanyar Dosso, da wanda ya taɓa ba da bashi a shekarar da ba a ba da bashi. Mai imani ya ɗaga hannu ya gode wa Ubangijinsa, wannan haƙƙi ne a kansa. In ya shafa, sai ya ɗauki dami ko goro ya bi gidajen nan tun masu su suna da rai.